Jan Alli a Rigar Tela

Idan kun taɓa leƙawa inda ake gyaran wani babban gini, kuka ga dattijo durƙushe yana tura 'yar na'ura mai tayoyi a kan daɓen kankare kamar yaro da motar wasa, ga ƙarti tsaye a kansa da injin huda a hannu suna cizon leɓe, to kun ga Dakata. Sunansa na gaskiya ya ɓace tun tuni. Matarsa ma sai ta ɗaga kai sama ta yi tunani kafin ta tuno shi. Kalma guda ce a bakinsa daga safe har yamma, ita ta cinye sunan. An ce ko ƙwai zai fasa sai ya ɗaga shi a rana ya duba ko akwai rodi a ciki. An ce ranar da ya je gyaran haƙori, likita na kawo ɗan injinsa ya cafke masa wuyan hannu ya ce, "Dakata, ka san abin da ke ƙarƙashi?" Wannan ta biyun wataƙila an ƙara mata gishiri, amma waɗanda suka san shi ba su taɓa musantawa ba.

Aikinsa dai leƙa cikin kankare. Gini in ya bushe ya kama bakinsa ke nan. Ba mai sanin inda rodi ya bi, inda aka binne wayar wuta, inda bututun ruwa ya karkata. Zanen ginin kuwa, in ma an same shi, abin da aka yi niyya yake faɗa, ba abin da magina suka yi ranar da yunwa ta ci ƙarfinsu ba. To kafin a yanka ko a huda sai a kira Dakata. Na'urar tana tura saƙo cikin kankaren, in ya ci karo da wani abu ya dawo da tsegumi. A ɗan gilashinta sai ka ga wasu ƙusumbi a jere kamar an kife ƙananan kwanuka. Wani zai ce talabijin ce ta lalace. Shi kuwa sai ya zaro alli daga aljihu. Biyu ne, ja da fari. Inda ya ga abu ya ja jan layi, inda ya ga wayam ya zana farin zobe.

"Ja, kar ka taɓa. Fari, bismillah."

Karatun ke nan da yake biya wa kowa, daga lebura har mai ginin.

Ba da wannan tsoron aka haife shi ba. Da can shi ma mai huda ne, shi da ƙanensa, kuma a lokacin ba wanda ya kai su rawar kai. Wata rana a wani tsohon shago ƙanen ya ɗora bakin injin a bango, Dakata na tsaye a bayansa. Ya hango makunnin wuta a ƙasan wajen, daidai saiti, zuciyarsa ta ce masa waya ta nan ta hau. Kalmar ta zo har kan harshensa. Sai ya ga ɗan kwangila na ta duba agogo, kar a ce shi ne mai ɓata lokaci, ya haɗiye ta. Ƙara ɗaya aka ji. Ƙanen bai sake tashi ba. Tun daga ranar kalmar da ya haɗiye take fitowa, har yau ba ta ƙare ba. Da kamfanin da yake wa aiki suka sayo na'urar, kowa na gudunta don wai sai mai boko, shi ya manne wa mai koyarwar kamar kaska, sai da ya iya ta fiye da yadda ya iya hanyar gidansu.

Matarsa ɗinki take yi, kuma Tela kowa ke ce mata, har shi. Ita kuma Injiniya take ce masa, da wata 'yar lanƙwasa a murya da ke nuna ba ta ga takardar ba. Bakinta da almakashinta ba a san wanda ya fi kaifi ba. Kekenta na bakin taga a falonsu, a hawa na biyu na wani gidan haya. Ita ma da allinta, kuma a kan alli suka fi gwabzawa.

"Injiniya, allinka matsoraci ne. Nawa in ya ja layi cewa yake yanka nan. Naka kuwa gudu yake koya wa mutane."

"Naki yadi yake yanka, Tela. In kin yi kuskure ki ce wa mai kaya sabon yayi ne. Nawa in ya yi kuskure sai an aika a kira 'yan uwan mutum."

"To sannu, mai ceton al'umma. Miƙo min zaren can."

A hankali ta fara satar allinsa, har ya zama yaren gidan. Tukunyar da ba ta so a buɗe, jan layi a murfi. 'Yarsu guda ɗaya tun tana rarrafe ta san ja daga fari. In kuwa faɗa ya yi faɗa tsakanin mata da miji, wannan baki mai kaifi sai ya mutu murus. Ba zagi, ba jifa da cokali. Ta durƙusa ta ja jan layi a bakin ƙofar ɗakin kwana, ta shige. Shi kuma mutumin da ya tsufa yana hana ƙarti tsallake ja, ya za a yi ya tsallake? Sai ya ɗauki matashinsa ya koma doguwar kujerar falo. Bayan 'yan kwanaki sai ya wayi gari ya ga an goge, an zana farin zobe a wurin. Ba mai ba wani haƙuri. Maƙwabta sun ce gidan da ya fi kowane gida faɗa a layin ke nan, amma ba wanda ya taɓa jin ko tarinsu.

Abu ɗaya ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a tsakaninsu, fanka. Ɗakin kwanan nan zafi gare shi, irin wanda in ka bar ruwa a kofi ka dawo sai dai ka jefa ganyen shayi. Suna da 'yar fankar tebur, amma ita aikinta girgiza kai kawai, kamar ana roƙonta tana cewa a'a. Tela ta sayo fankar sama da guminta, tana nan cikin kwali a ƙarƙashin gado har kwalin ya yi furfura. 'Yan ramuka kawai ake so a huda a rufin ɗakin a rataye ta. Sai dai rufin kankare ne, daɓen mutanen sama. Na'urar kuma ta kamfani ce, ba a fita da ita sai da aiki, shi kuwa ba zai huda abin da bai leƙa ba ko da an sa masa wuƙa a wuya.

"Dakata, Tela, zan aro ta."

Shekara ta zagayo, dakata. 'Yarsu ta girma ta yi aure ta bi mijinta wani gari, dakata.

Yanzu ga abin da Dakata bai sani ba, ku kun riga shi. Wata safiya Tela tana wanka ta ji wani ɗan ƙullutu a ƙirjinta na hagu, kamar maɓallin da aka manta aka ɗinke a cikin riga. Ta yi shiru ta ga ko zai tafi. Bai tafi ba. Ta je ƙaramin asibitin unguwa ita kaɗai. Ma'aikaciyar ta taɓa, ta sake taɓawa, fara'ar fuskarta ta ɗauke. Ta ce a tafi babban asibiti ba da wasa ba, a je da maigida, da alama sai an yanka.

Matar da ke iya wanke mai kayan miya tas a gaban jama'a, ta dawo gida baki ya ƙi buɗuwa. Ta ina za ta fara kama sunan wurin a gaban namiji, ko da mijinta ne? Kuma ta san wanda take aure. Kalmar yanka kaɗai tana sa shi zufa. Abin da ta iya yi shi ne ta hango doguwar kwanciya a wannan tanderun ɗakin, sai ta aika aka kira mai gyaran wuta na ƙasan bene ya zo ya rataya fankar.

Da la'asar Dakata ya dawo ya tarar da mutum a kan tsani, bakin injin huda na shafar rufin. Ihun da ya yi, an ce tantabarun layin sai da suka yi ƙaura. Ya fizge wayar injin daga bango, ya sauko da mutumin da wuyan riga, ya raka shi har matakala. Sannan ya juyo kan matarsa, a gaban wata mai kawo ɗinki da ke zaune a falo.

"Ɗan mutane kike so ki kashe min a ɗaki? Ke me kika sani ban da yankan tsumma?"

Mai kawo ɗinkin ta tattara yadinta ta fice kamar ba ta da ƙafa.

Washegari da safe ta kawo masa shayi sanye da farar rigarta ta zaman gida. A ƙirjin rigar, gefen hagu, ga ɗan gajeren jan layi da allinsa. A lissafinta ta yi magana har sau biyu. Da yarensa ta ce akwai abu a nan. Da nata ta ce nan za a yanka. In mutum bai ji ɗaya ba ai ya ji ɗaya.

Dakata ya kalli layin. Ya waiga bakin ƙofar ɗaki, tas, ba komai. Ya sake kallon rigar. Laifin jiya na cinsa.

"Yau kuma ba a ƙofa ba? Abin ya kai haka?"

"Ya kai."

"To."

Ya ajiye kofin, ya shiga ya ɗauko matashinsa. A ransa ya ce wannan karon ba ɗakin aka hana shi ba, mai ɗakin ce gaba ɗaya, kuma ya cancanta. Ita kuma tana tsaye tana kallonsa yana kakkaɓe kujera, ta ce a nata ran ya gane, kuma ya zaɓi falo. Mutumin da ya ga ƙanensa a ƙasa ba zai iya kallon wannan ba. Ba ta ma ga laifinsa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Babban asibitin kuwa an ce a je da maigida, ga maigida a kujera. Ta ce bari ta jira ya yi ƙarfin hali.

Haka aka yi ta zama. Kullum da safe idonsa na bakin ƙofa yana neman farin zobe. In ta wanke rigar sai ta sake zana layin, kuma duk zanawa sai ya ɗan fi na baya tsawo, don ita tela ce, ba ta zana abu ba bisa awo ba.

"Tela, ƙaruwa ma yake yi?"

"Kai ne Injiniya."

"Na ji, na yi laifi. Amma har yaushe?"

"Ni ma ban sani ba."

Zafi ya wuce, ruwa ya sauka, layi na nan. Ya lura ta rame, ya ce fushi ne, fushi na cin mutum. Ya lura tana mayar wa mutane da yadinsu ba a ɗinka ba, ya ce maganar yankan tsumman nan ce ta tsaya mata a rai. Ya lura ba ta ɗaga hannun hagu in za ta shanya kaya, ya ce sanyin damina ne, har ya sayo mata man zafi ya ajiye a kan keke, don miƙawa hannu da hannu kamar tsallake layi ne. Mutumin da ke gane bututun roba a ƙarƙashin kankare mai kaurin tafin hannu biyu, duk abin da ya gani a gidansa sai ya ba shi wani suna. A ganinsa maganin abin ɗaya ne, fanka. Ya sa manajan kamfani a gaba, safe da yamma. Manaja ya ce na'ura ba ta zuwa biki, ya dakata sai an samu sarari. Wato yau an auna masa da mudunsa.

Ranar da abin ya fashe suna wani dogon bene na ofisoshi, za a huda daɓe a sauke bututu. Mai hudar sabo ne, wani ƙato da ake ce wa Guduma, wanda in ya yi atishawa sai an sake auna bango. Dakata ya gama zagaye, daɓen ya cika da ja. Guduma ya jingina da injinsa ya nuna wani layi da ƙafa.

"Baba, ka mayar mana da wuri kamar mahauta. Mene ne a ƙarƙashin wannan?"

"Wani abu."

"Wane abu? Rodi ko waya?"

"Na'ura ba ta kama suna. Ta dai ce akwai."

"Shi ke nan, mu tattara mu tafi gida. Ja ya ce mu gudu."

Dakata ya ɗago a fusace.

"Wa ya ce maka ja na cewa a gudu? Ja ba kora ba ne, ɗan nan. Cewa yake akwai abu a ciki. In ka ga ja ba juya baya za ka yi ba, matsowa za ka yi ka bincika. Mene ne, zurfinsa nawa, ina ya dosa, girma yake..."

Allin da ke hannunsa ya karye biyu. Shekara da shekaru yana gajarta wa leburori karatun, kar ka taɓa, kar ka taɓa, har shi kansa ya manta da dogon. Layin Tela ba a ƙofa yake ba. A gefen hagu yake. Kuma yana ƙara tsawo.

Ya miƙe. Na'urar da ba ya barin ko ƙuda ya sauka a kanta, a nan ya bar ta a tsakar daɓe, gilashinta a kunne. Ya bi matakala da gudu, dattijo da shi. Guduma ya leƙo ta sama yana ihu.

"Baba, dakata! Baba!"

Bai ko waiga ba.

Ya tarar da ita zaune a gaban keke, ba yadi a kai, hannun dama riƙe da gwiwar hannun hagu, tana kallon taga. Ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake durƙusawa a wajen aiki. Numfashinsa ya daɗe bai dawo ba.

"Tela. Mene ne a ciki?"

Ta ɗauke ido daga taga ta dube shi.

"Sai yau na'urarka ta kama?"

"Na ɗauka fushi ne. Wallahi na ɗauka fushi ne."

"Fushi a ƙofa nake zana shi, Injiniya. Ka taɓa ganin na ɓata riga don fushi? Ni fa tela ce."

"Me ya hana ki faɗa da baki?"

"Na faɗa da naka, na faɗa da nawa. Na uku ne ba ni da shi." Ta share ido da bayan hannu. "Ni ai na ɗauka ka gane ne ka gudu."

"In gudu in bar ki? Ni?"

"To a kujera dai na gan ka."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ba a san inda ta ƙare kuka ya fara ba. Ta kama hannunsa ta ɗora a kan layin. Yatsun nan da siminti ya cinye suka ji abin. Ba maɓalli ba ne yanzu.

A babban asibiti ma na'ura ce, da nata gilashin mai toka-toka. Aka kwantar da ita, aka shafa mata wani abu mai sanyi, aka fara turawa a hankali, gaba da baya, sak yadda yake yi. Ya tsaya a gefe da hularsa a hannu. Bai san karatun wannan gilashin ba, amma ya san yadda mai duba yake yi in ya ga abu, ya koma baya, ya sake bi, ya daina hira. An yi ta aika su daga wannan ɗaki zuwa wancan. Da sakamako ya haɗu, wata likita mai sanyin murya ta zaunar da su ta ce abin bai tsaya wuri ɗaya ba, ya bi hanyoyi. Yanka ba zai yi amfani ba yanzu. Akwai magungunan da za su rage mata raɗaɗi, su kuma ɗan ja lokaci.

"Likita, dakata," in ji shi.

Likitar ta dakata. Tana jira, Tela na jira. Karon farko a rayuwarsa ya faɗi kalmar babu abin da zai ɗora a bayanta. Can ya tambaya, da an zo tun farkon zafi fa? Likitar ta ce irin wannan kan daɗe a ɓoye tun kafin mai shi ta ji, ba mai iya rantsuwa a kan da an zo. Ya ji, amma bai ɗauka ba. A nan kan teburin ya bar mata maganarta.

Suna fitowa Tela ta jingina da kafaɗarsa, abin da ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Ka ga, Injiniya, yau allinka ya ci nawa. An ce kar a yanka."

Bai yi dariya ba. Ta zungure shi da gwiwar hannu.

"Haba, ka ci gasa kuma kana ɓata rai?"

Washegari ya shiga ofishin manaja. Bai roƙa ba. Ya ɗauki akwatin na'urar ya ce zai dawo da ita da yamma. Manaja ya buɗe baki, sai ya ga Guduma ya cika ƙofa da injin huda a kafaɗa, ya mayar da bakin ya rufe, har da cewa a gaida mai jiki.

A gida, shi da Guduma suka ja gadon gefe da Tela a kai. 'Yarsu ta iso tun da safe, tana zaune a ƙafafunta. Dakata ya hau tsani ya kife na'urar a rufin yana turawa sama da kansa, zufa na shiga ido. Ya bi tsaye, ya bi kwance, ya sake bi. Tela na kwance tana ba da umarni.

"Hagu kaɗan. Ka bar kusurwa. Wannan aikin naka ko gugar hula ya fi shi wuya."

Rodi ɗaya can gefe, wani can ɗaya gefen. Tsakiyar kuwa, daidai inda bakin injin mai gyaran wuta ya bar ɗan tabo, babu waya, babu bututu, babu komai. Wayam. Ya daɗe yana kallon gilashin.

"Me ka gani?" in ji ta.

"Babu komai."

"Ko ɗan rodi na kunya?"

"Babu."

Ta rufe ido ta yi murmushi. Bakin nan da ke da abin faɗa cike da kwando, ta bar shi a kwandon.

"To zana farin, mu gani."

Guduma ya hau ya huda, a hankali kamar mai zare ƙaya, 'yar na tare ƙura da faranti. Aka ciro fanka daga tsohon kwalinta aka rataya. Da ta fara juyawa labulen ɗakin ya motsa, zaren da ke rataye a ƙusa ya motsa, gefen ɗankwalin Tela ya motsa. Guduma ya ce wai ƙura ce ta shiga masa ido, ya fita falo.

"Ba ni farin," ta ce.

Ya miƙa mata. Ba ta iya tashi ta kai bakin ƙofa, sai ta juya ta zana a bango, gefen da yake kwanciya, ƙasa-ƙasa. Hannun ya gaji kafin ta kai ƙarshe. Zoben ya fito a karkace, bakinsa bai haɗu ba. A wajen aiki da yaronsa ne ya zana irin wannan da ya sa shi ya goge ya sake.

"Je ka ɗauko matashinka," ta ce. "Kujerar nan ta gaji da kai."

Ta sha iskar fankarta har damina ta ɗauke, ta ɗan ƙara kaɗan. Da wani hantsi ta tafi, fankar na juyawa, hannunta a cikin nasa.

Da mutane suka watse, 'yar ta ɗaura zani ta shiga gyaran ɗaki da ruwa da tsumma. Ta goge taga, ta goge kan gado, ta zo bango. Yana tsaye a ƙofa.

"Dakata."

A hankali ya faɗa, ba irin ta wajen aiki ba. Ta dubi zoben, ta dubi babanta. Yarinyar da ta san fari tun tana rarrafe ba ta buƙaci bayani ba. Ta matse tsummanta ta koma wani gefen.

Har yanzu yana tura motarsa a daɓen mutane. Sai dai ya daina gajarta karatun. Duk jan layin da ya ja sai ya tara kowa ya biya musu dogon, ja ba kora ba ne, akwai abu a ciki, ku matso. Leburori sun ce bayanin ya fi duban daɗewa, wani ma ya rantse kankare ya taɓa bushewa ana tsaka da shi. Guduma ne kaɗai ba ya ƙorafi, kuma duk wanda ya yi tsaki sai ya ji nauyin hannu a ƙeya.

Bara mai gidan hayar ya sa aka yi wa duk benen fenti. Da aka zo ɗakin, Dakata ya ɗauki hutun yini guda ya tsaya a kan mai fentin. An shafe bango huɗu da shuɗi, ban da wani wuri mai faɗin faranti a gefen gado. Mai fentin yana saukowa ya tsaya a shagon mai gyaran wuta yana mita, wai shi ya yi aiki a gine-ginen da tsohon nan ya duba, ya san ja ake kewayewa, bai taɓa ganin an kewaye fari ba sai yau.